Wa'adin Sarkin Littafi

Ni na karanta wa mutanenmu dokokin ƙungiyar ranar da takardun suka iso Matameye, domin a cikin mu takwas da ke sana'ar sayar da littattafai a wannan yanki ni kaɗai na zauna bencin lekol, wato makarantar boko, har koleji. Ban gama ba, jarrabawar ƙarshe ta kayar da ni sau biyu, amma da babu gara ba daɗi. Takardun da Faransanci suke, direban wata motar Damagaram ya kawo su cikin ambulan da maiƙo ya taɓa a gefe. Ƙungiyar ta masu sayar da littattafai ce na ƙasa baki ɗaya, a Yamai aka kafa ta, kuma tana so ta yi reshe a kowane yanki. Muka taru a zauren Baba bayan sallar la'asar don mu ji abin da ke ciki.

Baba ba mahaifina ba ne, abokin mahaifina ne, amma tun da na yi wayo da wannan sunan nake kiransa. Shi ya fara kasa littafi a kasuwar Matameye, tun mutane ba su yarda ana iya ci da wannan sana'a ba. Lokacin da lekol ta tofar da ni, ina yawo a gari ba aikin fari ba na baƙi, shi ya kira ni ya zaunar da ni a gefen tabarmarsa, kuma zaman da na yi a nan shi ya haifi shagon da nake da shi yanzu a bakin hanya. Shi kam bai taɓa son shago ba. Rumfarsa tana tsakanin masu hula da masu turare, in ba ranar kasuwarmu ba ce kuma ya ɗaure kayansa ya bi kasuwannin ƙauye.

Yana da wata ɗabi'a da ta sha ba ni haushi ina saurayi. Ba ya miƙa wa mutum littafi sai ya lasa yatsa ya bi shafukansa ɗaya bayan ɗaya, daga bango har bango, ko da mai sayen yana tsaye motarsa na shirin tashi. Boko bai iya ba, ajami da Larabci yake karantawa, amma ya san lambobin shafi, kuma littattafan da muke sarowa daga Kano a wancan lokacin sukan zo da shafi a juye, ko a tsallake huɗu a tsakiya. Yakan ce wanda ya sayar wa ɗalibi littafi mai giɓi, jahilci ya sayar masa. Ni kuwa ina gefe ina cizon yatsa, ina ganin ciniki yana wucewa.

Na fara karanta takardun ina juya su da Hausa. Manufofin suka yi wa kowa daɗi. Ƙungiya za ta riƙa magana da hukuma da murya ɗaya a madadin masu sana'ar. Za ta nema a riƙa ba mu jerin littattafan da za a yi karatu da su tun kafin a koma lekol, ba sai iyaye sun cika mana ƙofa muna zare ido ba. Za ta yaƙi masu ɗaukar littafin wani su zuba shi a injin fotokwafi su sayar kamar na gaske. Akwai kuma batun koya wa mutane son karatu, wanda wani mutumin Dawce a cikinmu ya ce wannan sai dai a haɗa da addu'a. Shi wannan mutumin Dawce kaye, wato littafin rubutu, da alƙalamin bik da cajar waya yake haɗawa a teburi ɗaya, kuma bakinsa ba ya rufuwa ko a wurin ta'aziyya.

Daga nan aka shiga yadda za a tafi da ƙungiyar. Babban taro na Yamai shi ne uban gayya, shi ke zaɓen shugabannin ƙasa. Kowane reshe shi ma ya zaɓi nasa, da shugaba da magatakarda da ma'aji, kuma kowane mamba ƙuri'arsa ɗaya, mai shago da mai tabarma duk ɗaya suke. Wannan ya faranta wa Baba rai, har ya sa na maimaita.

Sai na zo kan wata doka mai layi biyu. Ta ce shugaba shekara uku yake yi, ana iya sake zaɓensa sau ɗaya, daga nan dole ya sauka wani ya hau. A zuci na karanta ta. Na ɗaga kai na dubi Baba, gemunsa fari fat, yana ta ɗan tarin nan da ya daɗe yana damunsa. Babu wanda ke cikin zauren da bai san wanda za a ba shugabancin ba. Na ga in na faɗi wannan a gabansa kamar ina ƙirga masa kwanaki ne tun bai hau ba. Zan kuma faɗi sauran gaskiyar ko da ba ta yi mini kyau ba: a raina cewa na yi shekara shida da nisa, wa ya san wanda zai kai. Na tsallake layukan biyu na ci gaba da karatu, babu wanda ya lura.

Zaɓen bai kai tsawon shan shayi ɗaya ba. Baba shugaba, ni magatakarda, wani dattijo mai shiru-shiru daga Icirnawa ma'aji. Har an fara neman takalma sai mutumin Dawce ya ce, “To ai ba a barin shugaba da kai tsirara. Mahauta da sarkinsu, wanzamai da nasu, ƴan tasha ma haka. Mu da ke sayar da ilimi mu ne za mu zauna da shugaba kawai, wai perezida, kamar ƴan ƙwallo?”

Aka yi dariya, amma dariyar ba ta tafi a banza ba. Bayan mako ɗaya muka taru a ƙofar gidan mai unguwa, aka naɗa wa Baba farin rawani, liman ya yi Fatiha, aka raba goro da dabino. Wani maroƙi da ba wanda ya gayyace shi ya kira shi Sarkin Littafi, sunan kuwa ya zauna. Ina tsaye a wurin da takardun a hammata, na san abin da ke cikinsu, na karɓi gorona na ci.

Sarautar ta karɓe shi, shi ma ya karɓe ta da gaske. Ya tasa ni gaba muka je wurin sufeton makarantu, yana magana ina fassarawa, kuma tun daga shekarar muka fara samun jerin littattafai kafin damina ta ƙare. In biyu daga cikinmu suka yi rigima kan wurin kasa kaya, zaurensa ake zuwa, kuma ba a fita sai an yi musafaha. Masu fotokwafi kuwa bai taɓa kai ƙarar ko ɗaya ba. Zuwa yake ya yi sallama ya zauna a gaban teburin mutum, ya ɗauki littafin jabun ya lasa yatsa ya shiga bin shafuka a hankali, mutane na taruwa suna kallo, har sai mai teburin ya ji kunya ya kwashe su da kansa. Sau ɗaya muka je babban taro a Yamai. Ya zauna a sahun gaba da rawaninsa, bai ji ko kalma ɗaya ta Faransancin da aka kwana biyu ana zubawa ba, amma da aka ba shi dama ya miƙe ya yi magana da Hausa kan masu tabarma na ƙauye, ya ce su ne ke kai littafi inda mota ba ta zuwa. An tafa masa sosai.

Har tarin ya sake shi. Ƴan kasuwa suka daina kiransa Malam suka koma Sarki, matarsa Inna ma haka take ce masa in tana son tsokanarsa. Ni da na yi masa lissafin kwana a zuci, sai ga shi yana riga ni zuwa tasha da asuba, yana yi mini faɗan nawa.

Da shekara uku ta cika ban tara kowa ba. Na rubuta takardar cewa reshe ya sake zaɓen shugabansa, na bi mutane da ita, mai sa hannu ya sa, mai dangwala yatsa ya dangwala. Na ce wa Baba Yamai ce ke son a sabunta takardu. Ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, kuma a lokacin har ina yaba wa kaina wayo.

Shekara ta shida tana ƙarewa sai magatakardar ƙungiya ta ƙasa ta kira ni a waya. Wata Hajiya ce mai babban kantin littattafai a Yamai, mace mai magana ɗaya. Ta ce wa'adin shugabanmu ya cika, tana zagayen rassa, za ta biyo ta Damagaram ta zo ta tsaya a kan zaɓenmu da kanta.

Na ce, “Hajiya, a nan wurinmu abin ya zama sarauta. An naɗa masa rawani.”

Ta ce, “Wa ya ce ku naɗa masa?”

Sai na shiga roƙo. Na ce dattijo ne, na ce babu wanda ke neman kujerar, na ce a bar mu mu sake rubuta takarda kamar wancan karon. Ta bar ni na gama tukuna.

“Malam, na san dattijon nan, na gan shi a taro, kuma ina ganin girmansa,” in ji ta. “Amma kafin wannan ƙungiyar mun yi wata. Mutum ɗaya ya zauna a kujerarta har ta mutu a ƙarƙashinsa, shi ya sa muka rubuta wannan dokar. Shugabanmu na ƙasa ma bana zai sauka. In na ɗaga wa Matameye ƙafa, me zan ce wa sauran? Abin da zan iya shi ne mu ba shi shugaban girmamawa.”

Na kashe wayar raina a ɓace. Ni mutum ne mai saurin fushi, kuma babu abin da ke ƙona mini rai kamar in yi fushi da wanda na san ya fi ni gaskiya. Na wuni ina yi wa masu saye tsawa ba laifin tsaye ba na zaune.

Sau uku na je gidan Baba don in gaya masa. Zuwan farko na same shi a zaure yana gyaran bangon wani tsohon littafi da zare da ƙaro, ya tare ni da shirin da yake yi na komawar lekol mai zuwa, yana so a riƙa kai wa ƙauyukan Icirnawa kaya tun da wuri. Na saurara, na ce shawara ce mai kyau, na tashi. Zuwa na biyu na zagaya wurin Inna na kwashe komai na gaya mata, ina fatan ta ɗauke mini nauyin. Ta ce, “Kai ka ɗaura, kai za ka kwance. Ni ba ni kai masa wannan.” Zuwa na uku na daure na ce, “Baba, baƙuwa za ta zo daga Yamai, za a yi zaɓe.”

Ya ce, “A yi mana, ai an saba. Ka gaya wa Inna ta shirya mata abinci.”

Na ce to, na bar maganar a nan.

Da hantsi aka yi taron, a ƙarƙashin rumfar ƙofar shagona. Baba ya zo da rawaninsa da babbar rigarsa ta Juma'a. Hajiya ta rusuna ta gaishe shi kamar yadda ƴa ke gaida uba, ta yaba aikin reshenmu, sannan ta buɗe takarda ta karanta dokar nan mai layi biyu ta fassara ta da Hausa tsaf, domin ita a ganinta kowa ya sani. Ta ce saboda haka yau za a zaɓi sabon shugaba.

Baba ya juyo ya dube ni. Ya ce, “Wannan sabuwar doka ce?”

Na ce, “Tana nan tun farko, Baba.”

“Ka karanta mana ita a zaure?”

“Ban karanta ba.”

Ya gyaɗa kai. Hajiya ta yi mini wani kallo da har yau ban manta shi ba, amma aikin da ya kawo ta ba ta fasa ba. Aka yayyaga takarda ƙanana aka raba, kowa ya rubuta sunan wanda yake so ya jefa a cikin hular mutumin Dawce. Na ce kada a sa ni, amma ban faɗa da ƙarfi ba, kuma kowa ya san ni kaɗai ke iya amsa wasiƙun Yamai. Da ake buɗe ƙuri'un Hajiya ta zo kan ɗaya da aka rubuta da ajami, ba ta iya karantawa ba, ta miƙa wa dattijon Icirnawa. Ya duba ya faɗi sunana da ƙaramar murya. Duk mun san rubutun Baba.

Aka ce ni na ci, aka sanar da shugabancin girmamawa na Baba, aka tafa. Baba ya zauna har ƙarshe, ya tabbatar baƙuwa ta ci kazar da Inna ta aiko, ya raka ta har bakin mota ya yi mata addu'ar sauka lafiya. Washegari ranar kasuwa ce. Ya fito da hula kawai.

Kafin azahar maganar ta gama kasuwa, an tuɓe Sarkin Littafi. Babu wanda ya ce wa'adinsa ya cika, domin a kasuwarmu sarautar sana'a ba ta da wa'adi. Sarkin pawa a kan sarautarsa yake mutuwa, sarkin aski ma haka, in kuwa ka ga an cire wa mutum rawani yana da rai to wani abin kunya ya aikata. Masu hula suka tambayi masu turare, masu turare suka tambayi masu goro, kowa ya ƙulla tasa, har da masu cewa ya ci amanar ƙungiya. Na bi rumfa-rumfa ina bayani har muryata ta dushe, na kusa dambe da wani mai takalma. Su saurare ni, su ce haka ne, in na juya baya su ce ruwa ba ya tsami banza.

Da a ce mutanen kasuwa ne kaɗai, da abin ya zo da sauƙi. Baba da kansa abin da ya ɗauka ke nan. Na je na zauna na yi masa bayani dalla-dalla, na ce kamar ƴan majalisa ne, in lokacinsu ya cika sai su sauka ba don sun yi laifi ba.

Ya ce, “Waɗancan su suka nema, suka bi gari suna roƙon ƙuri'a. Ni ban nema ba. Ku kuka zo kuka ɗora mini, liman ya yi Fatiha. Abin da aka ɗaura da Fatiha takarda ba ta kwance shi haka kawai. Tunda kun kwance, wani abu na yi.”

Na ce laifin nawa ne, ni na tsallake dokar ranar farko. Ya yi murmushi ya ce, “Kai tun kana ƙarami mai kunya ne. Rufa mini asiri kake, Allah ya rufa naka. Amma da ka faɗa mini da ya fi.”

Daga nan ya shiga bin mutanenmu ɗaya bayan ɗaya. Ya hau taksi ya tafi Icirnawa, ya zauna a zauren ma'aji ya tambaye shi ko ya taɓa yi masa wani abu. Ya bi na cikin gari gida-gida. Wata rana da yamma mutumin Dawce ya shigo shagona, a karo na farko tun da na san shi ba da wasa a bakinsa ba. Ya zauna a kan kwalin kaye ya ce, “Dattijon nan ya zo har gidana, ya cire takalmi ya zauna a ƙasa, wai in faɗa masa abin da ya yi mini ya nemi gafara. Na rantse masa babu, ya ce in ƙara tunani. Wallahi da na san haka rawanin nan zai zama da na haɗiye harshena ranar.” Yana faɗa yana share ido da bakin riga.

Na ce masa ba shi da laifi, kuma gaskiya na faɗa. Shi bai san da dokar ba.

Baba ya ci gaba da zuwa kasuwa har ƙarshen wannan damina, amma ya daina ɗaga kai in ana wucewa. In wani ya manta ya ce masa Sarki sai ya yi kamar bai ji ba. Taron reshe kuwa bai sake zuwa ba, ko da na je na ce kujerar girmamawa tana jiransa. Ya ce wanda aka sallama ba ya komawa ya zauna a gefen tabarma yana sa mutane jin nauyi. Bayan an yi girbi ya daina fitowa gaba ɗaya, wani mai robobi ya karɓi rumfar. Ni kuma na riƙe reshe, wasiƙu na tafiya a kan lokaci, hatimi yana aljihuna, Yamai na yabawa. Ban taɓa jin daɗin kujerar ba ko na yini ɗaya, kuma duk wanda ya gwada ce mini sarki, ko da wasa, ya sha faɗa.

Tarin ya dawo, ƙafafunsa suka kumbura. Ina zuwa gaishe shi duk Juma'a, kuma kusan duk zuwa sai ya kawo maganar ta wata hanya, ni kuma in sake karanto masa dokar. Inna ta ce mini abinci ma ya rage ci, in ta matsa sai ya ce mai hakkin mutane a wuya ba ya jin yunwa.

Wata safiya ta aiko a kira ni. Na rufe shago na tafi. Na same shi kwance a ɗakinsa an jingina shi da matashi, ya rame har na ji tsoro. Inna na tsaye a bakin ƙofa. Ya nuna mini gefen gado na zauna.

Ya ce, “Ɗana, na bi kowa, kowa ya ce ba shi ba ne. Kai kaɗai ka rage, kuma kai ka san abin da aka rubuta aka aika Yamai. Ina jin tafiyar ta matso. Ba na so in je a tambaye ni hakkin da ban san mai shi ba. Don girman Allah ka faɗa mini.”

Na buɗe baki zan sake cewa shekara uku sau biyu. Sai na ga na faɗi wannan ya fi a ƙirga, kuma bai taɓa shiga ba, ba kuma yau zai shiga ba. Gaskiyar da nake da ita ba ta da amfani a wurinsa. Na dubi Inna, ta sunkuyar da kai.

Na ce, “Ni ne, Baba.”

Ya zuba mini ido.

Na ce, “Wata rana a gaban baƙi ina magana ka ce in yi shiru, yaro ba ya sa baki a maganar manya. Abin ya yi mini zafi, na riƙe shi a rai. Ni na nemi a canza ka.”

Babu ko ɗaya cikin wannan da ya taɓa faruwa. Mutumin nan bai taɓa kunyata ni a gaban kowa ba, ko lokacin da na cancanta. A nan bakin gadon na ƙirƙiro shi, na zaɓi ƙarami wanda zai iya ɗauka, na kuma ɗora shi a kaina don kada ya sake hawa mota neman wani.

Ya rufe ido, ya daɗe, na ga ƙirjinsa ya sauka. Ya ce, “Alhamdu lillahi. Ashe abin a gida yake.” Ya lalubo hannuna ya riƙe da nasa biyu. “Ban tuna ba, tsufa ne, amma tunda ka faɗa na yi. Harshe ba shi da ƙashi. Ka yi haƙuri, ɗana, ka yafe mini.”

Na ce, “Na yafe, Baba.”

Ya ce, “Har zuciya?”

Na ce har zuciya. Muryata ta ƙi fita sosai, shi kuwa ya ɗauka tsohon fushin ne ke narkewa, ya riƙa bubbuga bayan hannuna yana lallashina. Can ya ce wa Inna ko akwai sauran fura. Ta fita da sauri ta damo, na tallafe shi ya sha kusan rabin kofi, ita tana kallon bango tana kuka ba sauti.

Na yi wa mai shirin mutuwa ƙarya, kuma na san matsayin wannan a addini, ba sai an gaya mini ba. Abin da ya fi damuna ba shi ba ne. Ya tafi yana ganin yaron da ya zaunar a gefen tabarmarsa ne ya tuɓe shi don fushin kalma ɗaya, kuma duk da haka shi ne ya roƙe ni gafara. Ni da ke da abin roƙo na gaske ban roƙa ba. Kwana tara ya ƙara a duniya, kullum ina zuwa, kullum ina shiga da niyyar in ce shi ma ya yafe mini, sai in tarar da shi cikin natsuwa yana jan carbi, in ga ba yadda zan buɗe maganar ba tare da na ƙwace masa abin da ya kwantar masa da hankali ba. Sai in gaishe shi, in gyara masa matashi, in fito.

Rana ta goma da hantsi aka yi masa sallah a ƙofar gidansa, ƴan kasuwa suka rufe rumfuna suka zo. Ni na kama makarar ta gaba, kuma ban yarda kowa ya karɓe ni ba har muka isa.